Tambayi Kafinta: Leɓen rufi a goshin gini

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan rufi suke, kuma ban yi mamaki ba, tunda kowa na rige-rige ya rufe gininsa kafin ruwa ya sauka. Na zaɓi uku da suka zo a kan magana ɗaya. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci.

TAMBAYA: Baba, ni malamin makaranta ne a Gwarzo. Ina gina ɗaki biyu da falo, faɗin ginin ƙafa 24, an riga an zuba lintal. Rufin kwano zan yi mai gangara biyu. Kafintana ya ce a gefen gebul a yanke kwanon daidai da bango, don kada iska ta samu abin kamawa. Surukina ya ce a'a, a fitar da shi ƙafa uku don ya kare bango. Wani abokin aikina kuma ya ce in bari a gama rufin, daga baya a buga guntayen katako a ƙara bakin. Maganar wa zan bi, kuma yaya ake haɗa katakon wurin?

AMSA: Malam, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga da ƙafar dama. Kafintanka da surukinka kowa ya riƙe rabin gaskiya. Abokin aikinka kuwa, ka gaishe shi da kyau amma kada ka ɗauki shawararsa, zan gaya maka dalili.

Bari mu fara daidaita suna don masu karatu su bi mu. Rufi mai gangara biyu yana da baki iri biyu. Akwai bakin da ruwa ke zuba, gefen dogon bango, inda rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufi daga tsini zuwa ƙasa, ke gangarowa ta zarce bangon. Wannan ba ya wahalar da kowa, domin raftar ce da kanta ta miƙe ta fita. Sai kuma gefen da bango ya tashi ya yi tsini kamar dalar gyaɗa, wanda a wurin aiki muke ce wa gebul, ni kuma na fi son in ce goshin gini. A nan rafta ba fita take yi ba, tafiya take kafaɗa da kafaɗa da bangon. Don haka in kana son rufi ya leƙo waje a goshi, sai an nemo abin da zai ɗauke shi. Wannan ɗan abin da ya leƙo shi nake kira leɓe.

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai na fara karɓar aikin kaina, bayan na shekara bakwai ina riƙe wa maigidana katako yana yanka. Wani bawan Allah a wani ƙauye kan hanyar Ɗambatta ya ba ni rufin ɗakin amarya. Mun kusa gamawa ya zo ya ce shi yana son rufin ya leƙo a goshi kamar na birni. Katako ya ƙare, kuɗi sun ƙare, ni kuma ina jin kunyar in ce a sake sayo wani. Na tattara guntayen tubaitu, wato katako mai inci biyu-biyu, da suka rage, na yayyanke su daidai, na manna su a jikin raftar ƙarshe da kusa bibbiyu, na buga falanki a bakinsu, na ɗora kwano. Wallahi ya yi kyau, har mutane na tsayawa kallo. A watan Afrilu ne. Hadarin farko na watan Mayu ya zo da dare, da gari ya waye aka tsinto kwanon a gonar maƙwabci. Kuma ba leɓen kaɗai ya tafi ba, da ya tashi sai ya ja layi uku na kwanon cikin ɗaki ya tafi da su, ruwa ya jiƙa kayan amarya kaf. Maigidana ya zo, bai ɗaga murya ba. Guntu ɗaya ya ɗauko daga ƙasa ya miƙo mini. Kusoshin nan biyu suna jiki a miƙe sambal, ko lanƙwasa ba su yi ba. Zarewa kawai suka yi, kamar an zare tsinke daga tsire. Na sake rufin da kuɗin aljihuna, na yi wata biyu ina biyan bashi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, a ƙasarmu ba nauyi ke kayar da rufi ba. Ba mu da dusar ƙanƙara da za ta taru a kai. Iska ce abokiyar gabarmu, kuma ita ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. In ta taho ta daki bango, ba ta da hanyar wucewa sai ta hau sama, ta tarar da leɓe ta tokare shi daga ƙasa. Wadda ta bi ta saman rufin kuma tana zuƙo kwanon sama. Ɗaya na turi, ɗaya na ja, duk gefe guda. Duk wanda laima ta taɓa kifewa a hannunsa a tsakiyar hadari ya san abin da nake nufi. Kuma ƙarfin ya fi taruwa a baki da kusurwa, shi ya sa da wuya ka ga rufin da iska ta fara yayewa daga tsakiya. To ka ga a nan kafintanka yana da hujja.

Amma surukinka ma ba shirme ya faɗa ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma yawanci in an zaunar da gida yadda dogayen bangwaye za su kalli kudu da arewa don gudun rana, goshin ɗaya gabas zai fuskanta, ya zama shi ke karɓar dukan ruwa ido da ido. In an yanke kwano daidai da bango, ruwa na bin tsakanin kwanon da kan bulo ya shiga, ya jiƙa kan katako, ya sauko ta cikin bango. Shekara biyu za ka ga fenti na ɓarewa daga sama, silin ya yi taswira a gefen. Kakanninmu sun san wannan tun kafin kwano ya zo. Bangon gabas na gidan ƙasa shi ake fara yi wa yaɓe, shi ake ƙara wa makuba ko laso. Su soronsu ba shi da leɓe, sai suka yi masa rawani, suka sa indararo mai tsawo ya watsa ruwa nesa da gindin bango. In ka shiga Gidan Makama a Kano ka ɗaga kai za ka gani. Mu da muka koma kwano, leɓe ne ya gaji aikin.

Ga nawa hukuncin: ƙafa ɗaya da rabi, wato inci 18, daga fuskar bango bayan an yi filasta. Ƙasa da ƙafa ɗaya ado ne kawai. Ƙafa uku na surukinka kuwa, a kan katakon da ake sayarwa yau, fiffike ka yi wa gidanka. Kuma kada in ruɗe ka: inci 18 ba zai hana ruwan da iska ta koro taɓa bango mai tsayin ƙafa 14 a tsini ba. Abin da yake karewa shi ne kan bangon da mahaɗar katako da bulo, kuma nan ne ɓarna ke farawa. Ƙasan bangon aikin filasta mai kyau ne da daɓen siminti a gindi.

Yanzu ga haɗin. Ka riƙe magana ɗaya: duk abin da ya leƙo waje, jijiyarsa a ciki take. Ba a manna leɓe, fito da shi ake yi daga cikin rufin. Mu a nan mun yi sa'a, domin rufinmu yana da folin, katakon nan da ake gicciyawa a kan rafta a buga kwano a kansa. Shi dama tafiyarsa daga goshi zuwa goshi ce, don haka ba sai an ƙirƙiro komai ba, barinsa za a yi ya zarce bango. Sharaɗin shi ne ya zama katako ɗaya ne, ba gami, tun daga bakin leɓe har cikin ɗaki. Ƙa'idar masu sana'a ita ce abin da ke ciki ya ninka na waje aƙalla sau biyu. Ni na fi haka tsauri, tun daga ɗakin amaryar nan: sai folin ya hau raftar goshi, ya ƙetare ta gaba, ya kai ta uku kafin in yarda a yi gami.

Mu yi lissafi da gininka. Katakon kasuwa ƙafa 12 ne. In tazarar raftarka ƙafa huɗu-huɗu ce, ƙafa ɗaya da rabi na waje, a tara da huɗu, a tara da huɗu, ya ba ka tara da rabi. A nan gami zai faɗo, a kan rafta ta uku, ba a sarari tsakanin rafta biyu ba. Ragowar ƙafa biyu da rabin da aka yanke ba asara ba ce, za ta yi amfani a wurin tokare. Abin da ke faruwa a wuraren aiki da yawa shi ne yaro ya fara jera folin daga tsakiyar gini, ya zo goshi katako ya gaza, ya cike da guntu. Ka sa kafintanka ya fara daga goshi, da zaɓaɓɓun katakai masu miƙewa marasa ido, guntaye su ƙare a tsakiya. Kuma kada gamin duk layukan ya faɗo kan rafta ɗaya, a riƙa saɓa su.

Maganar kauri. Abin da ake kira tubaitu a kasuwa yanzu, ka ɗora masa awo ka gani, da wuya ya cika inci biyu. Ni ba na yarda ya leƙa fiye da ƙafa ɗaya. Tunda inci 18 muke so, ka sayi tubaitiri, mai inci biyu da uku, ko da na layin goshin kaɗai ne, a kafa shi a tsaye, ɓangaren inci ukun yana kallon sama da ƙasa. Sai dai in an gauraya kauri biyu a layi ɗaya dole a ɗan sassaƙe ko a ɗora ƙaramin a kan ɗan katako don samansu ya daidaita, in ba haka ba kwano zai yi doro. In aljihu zai iya, a yi duka da tubaitiri a huta. In ka je 'yan katako na Na'ibawa ko duk inda ka saba saye, ka ɗaga katakon da hannunka. Wanda ya yi nauyi fiye da kima kuma yana da sanyi a tafin hannu ɗanye ne. Ɗanyen katako in hunturu ya busa shi murɗewa yake yi, ya saki kusa, kuma a leɓe ake fara ganin murɗewar domin babu abin da ya riƙe bakinsa. Ka jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya yi mako uku ko huɗu. Sannan a shafe shi da maganin gara na Solignum, ko baƙin mai in babu hali, musamman bakin da aka yanka da inda zai taɓa bulo. Gara ba ta jiran a gayyace ta.

Kada a yanke bakin folin ɗaya bayan ɗaya ana aunawa daga bango. Bangon birkila ba ya miƙewa yadda ido ke gani. A bar su duka da ɗan rara, a auna inci 18 a na sama da na ƙasa, a ja igiya tsakaninsu, a duba kusurwa da awon uku, huɗu, biyar, wato uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗayan, tsakaninsu ya ba da biyar in kusurwar ta daidaita, sannan a bi igiyar a yanke.

Daga nan sai wurin da kafintoci da yawa ke ha'inci, wasu kuma rashin sani ne. Sukan ɗauko falankin fesha, wanda ke rufe bakin rufi, su buga shi kai tsaye a goshin folin, kusa ta shiga ta tsawon jijiyar katako. Kusar da ta shiga haka ba ta da riƙo, irin tawa ce ta ɗakin amarya. Abin da ya kamata shi ne a sa wata rafta ta waje, tubaifo, mai inci biyu da huɗu, a ƙarƙashin bakunan folin, tun daga tsini har ƙasa, a buga kowane folin a kanta daga sama da kusa mai inci 4, guda biyu, a karkace suna saɓa wa juna. Ita wannan raftar ba a iska za ta rataya ba. Katakon da aka shimfiɗa a kan dogon bango, wanda rafta ke zama a kai, shi ma a bar shi ya zarce goshi da inci 18, haka ma katakon tsini in akwai shi. Ka ga ta samu wurin zama sama da ƙasa. Sai a buga fesha a gefenta da kusa mai inci 3. Yanzu bakunan folin sun zama tsintsiya ɗaya, iska ba za ta ɗaga ɗaya ta bar sauran ba.

Duk wannan aikin banza ne in raftar goshi ba a ɗaure take ba. Dalar bulon da ake ɗorawa a saman lintal, yawanci bulo mai inci 6 ne ba rodi a ciki, ba abin dogaro ba ce. Na sha ganin rufi ya tashi da bulo uku huɗu manne a jikinsa. Ɗaurin daga lintal zai fito. Ka ce an riga an zuba naka, to ka hau ka duba ko an bar kwata rodi, wato siririn rodi, a tsaitsaye. In an bari, a lanƙwaso shi ya rungumi katakon kan bango da ƙafar rafta, a danne da kusa. In ba a bari ba, a huda bulo a ƙarƙashin lintal, a zura rodin ya zagayo, a toshe hudar da siminti. Tun ran gini ran zane, amma wannan gyaran bai wuce aikin yini ɗaya ba. Kowane folin kuma, inda ya hau raftar goshi da ta bayanta, a yi masa ɗamara da langa-langa, siririn ƙarfen nan na ɗauri, bayan kusa.

Kwano kuma a fara jera shi daga yamma a nufi gabas, yadda kowane sabon falle zai hau kan na baya, bakin haɗin ya juya wa hadari baya. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu, amma a layin leɓe da kusurwoyi kowane tudu sai ya sha kusa mai hula, a kan tudun, ba cikin kwari ba. A ƙarshe a lanƙwasa kwano shimfiɗaɗɗe ya rufe tudu biyu na fallen ƙarshe ya sauko kan fesha. Ƙarƙashin leɓen a rufe shi da silin, don kada iska ta samu ƙofar shiga cikin rufi, kuma don jemagu da tantabaru. In kana son zafi ya riƙa fita, ka bar 'yar taga a dalar bangon ka sa mata raga.

Na san abin da ke ranka, kuɗi. A faɗin ƙafa 24, in tsinin ya tashi ƙafa 4, kowace gangara za ta kai kamar ƙafa 14 har da bakin zubar ruwa. Da kwano mai ƙafa 6, folin shida ke nan a kowane gefe, sha biyu duka. Ƙarin ƙafa ɗaya da rabi a kowanne ya kama ƙafa 18, katako ɗaya da rabi. Raftar waje tubaifo uku. Kwano falle shida, alhali bandir ɗaya falle 20 ne. Fesha kuwa ko da leɓe ko babu sai ka saya. Wannan shi ne ƙarin kayan goshi ɗaya, sai ka ninka biyu. Ka nuna wa kafintanka wannan shafin, amma cikin girmamawa, domin tsoron da ya ji na iska tsoron wanda ya san aiki ne.

TAMBAYA: Baba, ni uwa ce mai marayu huɗu a Funtuwa. Gidan da maigidana ya bar mana an yanke kwanonsa daidai da bango. Duk damina bangon ɗakin yara na gabas jiƙewa yake yi daga sama, har ya fara tsagewa. Ba ni da ƙarfin sake rufi. Akwai dabara?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Akwai dabara, kuma ba sai an yaye rufin ba.

Mafi sauƙi, a samo kwano shimfiɗaɗɗe a lanƙwasa shi ya hau tudu biyu na fallen ƙarshe, ya sauko kan bango kamar inci 8, a ɗan karya bakinsa na ƙasa waje don ruwa ya ɗiga nesa da filasta. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, domin yadda kika kwatanta, ruwan ta kan bulo yake shiga. Ki fara da shi, ki ga damina ɗaya.

In kina son leɓe na gaske, sai a cire layin kwano uku ko huɗu na gefen, a kawo sabon katako a jera shi a jikin kowane tsohon folin, ya kai rafta ta uku a ciki, ya leƙo waje ƙafa ɗaya. Wani kafintan zai ce miki zai haɗa tsani a ƙasa, katako biyu dogaye da guntaye tsakani, ya ɗaga ya manna a bango. Ana yin haka, amma ni ba na yarda da tsani sai in folin ya hau kansa ya riƙe shi daga sama, kuma kada ya wuce ƙafa ɗaya. In an buɗe, ki sa babban ɗanki ya hau tare da kafintan, ya soka kusa a bakin tsofaffin katakan. Duk wanda kusa ta nutse a cikinsa da hannu ya ruɓe, a canza shi a lokacin. Tsagar bangon kuma a bari ya bushe sosai a cikin rani kafin a cike ta, in an cike a jiƙe sake buɗewa za ta yi. Sai dai in tsagar ta sauko har ƙasa, ko yatsa na shiga cikinta, to wannan ba maganar rufi ba ce, ki nemo magini ya dubi tushen ginin.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Zariya. Me ya sa ba za a ɗaga bangon goshi ya wuce rufi a ɓoye kwanon ba, kamar yadda ake yi a sababbin gidaje? Ba ya fi kyau ba?

AMSA: Ɗana, ana yi, kuma ta fuskar iska yana da amfani, tunda ba ta samun bakin kwano. In filinka ya matse har bangonka na kan iyaka, ma dole ne, domin ba ka da ikon leƙa rufinka cikin filin maƙwabci. Matsalar tana inda kwano ya haɗu da bangon. Abin da aka saba shi ne a cusa bakin kwano cikin bulo a shafe da siminti. Kwano kuwa yana miƙewa da rana ya tsuke da dare, siminti ba ya binsa, kafin shekara biyu tsaga ta fito, ruwa ya samu hanya. In za ka yi, a tsaga bangon da injin yanka, a cusa lanƙwasasshen kwano a tsagar ya sauko ya rufe tudu biyu, ba tare da an kafe shi da siminti a jikin rufin ba, sannan a yi wa kan bangon hula mai gangara zuwa ciki. Kuma duk shekara kafin watan Mayu ka sa tsani ka hau ka duba.